Jan Murfi a Kan Mataccen Birki

Assalamu alaikum Gwaggo Hajo,

Don girman Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Asabar, domin kaina ya kulle, kuma a unguwarmu ba ni da wanda zan buɗe wa cikina maganar ba ta riga ni isa kasuwa ba. Na san filinki na rigingimun gida ne da na aure, amma kwanakin baya na ga kin ba wani shawara a kan janareto, shi ya sa na ce bari in gwada sa'ata. Tambayata a kan birkin mota ce. Sai dai akwai wata 'yar magana da ta maƙale a jikinta, dole sai na ba ki labarin kafin ki gane inda na dosa.

Ni ɗan Ƙofar Na'isa ne, shekarata talatin da ɗaya, ina da shagon kayan roba a Ƙofar Wambai wanda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. A gida Halifa ake ce mini, don ni ne babban ɗa namiji. Ban ji tsoron faɗar wannan ba, Halifofi a Kano sun fi a ƙirga. Sauran sunayen kuwa duk na canza su.

Bara na sayi wata 'yar ƙaramar mota ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, mai kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare. Ta kwana biyu a duniya, amma Gwaggo in kika ji kukanta sai kin waiwayo. Tun ina sakandare nake mafarkinta. Mahaifinmu bai taɓa hawan komai ba sai wata tsohuwar doguwar mota mai jigilar bokitai da bahuna, wadda muke roƙonsa ya sauke mu nesa da ƙofar makaranta don kada a gan mu a ciki. Da na sayi tawa mutane suka yi ta surutu, wai motar mutum biyu a gidan mutum goma sha ɗaya, wai a ina zan ɗora Hajiya mahaifiyata in za ta asibiti. Ban kula su ba, na san hassada in na gan ta.

Yanzu ga inda Baba Ɗanjuma ya shigo. Bakanike ne, garejinsa a gindin wata darbejiya ba nisa da gidanmu. Sama da shekara talatin yana gyara wa mahaifina mota, shi ya koya mini tuƙi, yana kuma cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓi gawar Alhaji. Ban musa wannan ba. Amma Gwaggo a faɗi gaskiya, zamani ya wuce Baba Ɗanjuma. Mutane suna jona wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta, shi har yau sukundireba yake karawa a kunne yana sauraron inji kamar mai duba. Hannunsa ya fara rawa, tabaransa an ɗaure shi da zare, in ya fara ba ka labarin motocin da aka daina yi tun kafin a haife ka sai ka yi sallar la'asar a wurin. Don girmamawa kawai nake kai masa motata.

Wata huɗu da suka wuce abokina Nazeer ya yi aure, ni aka sa in ja gaban jerin motocin ango ranar Asabar. Ran Alhamis na kai wa Baba Ɗanjuma motar, na nuna masa hoto a waya. So nake ya saka mini babban kalifa ja, wato ƙarfen nan da ke damƙe faifan birki, wanda ake hangowa ta tsakanin wilin taya a motocin tsere. Ko kallon hoton kirki bai yi ba. Ya ɗaga motar ya kwance taya, ya kira ni ya nuna mini fad, ɗan abin da ke cizon faifan in an taka birki, wai ya cinye saura kamar reza. Ya tsoma yatsa a man birki ya nuna mini wai ya yi baƙi. Ya leƙa ƙasa ya ce tiyon baya ya tsage yana tsatsafo. Har tayoyina bai bari ba, wai sun yi sanƙo. Sai ya ce in manta da wani babban kalifa, abin da motar ke bukata shi ne fad mai kyau gaba da baya, da sabon man birki, da sababbin tiyo, da tayoyi. Kuma wai sai Litinin, don mutumin da ya amince da kayansa sai ranar zai kawo masa.

Na ce Baba biki jibi ne. Kin san abin da ya ce? Wai in hau a-daidaita-sahu in je, ango ba zai fasa angwancewa ba. A gaban mutane fa, har wani direban tasi yana dariya. Ya mayar da taya ya ɗaure, ya sa dutse ya tokare ta, ya jefa makullina a aljihunsa kamar motar ubansa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake da ma'aikata uku a shago, a yi mini abin da ake yi wa ɗan firamare.

Ran Juma'a na yi salla a masallacin kusa, na san shi sai ya je can cikin gari, na zo da ɗaya makullin na kawar da dutsen na ɗauki kayata. Na wuce wurin masu kayan ƙawa na mota, suka nuna mini wani murfi na roba, ja jawur, da ake maƙalawa a kan tsohon kalifa. Wallahi Gwaggo in ba taɓawa kika yi ba ba za ki ce roba ba ce. Aka maƙala mini huɗu, motar ta fito kamar amarya. Birkin kuwa yana kamawa, sai dai sai na ɗan zurfafa ƙafa.

Tsohon ya kira ni sau bakwai ban ɗauka ba. Sai ya turo saƙon murya, sakan goma sha tara. Na haddace shi, ga abin da ya ce: “Halifa, Babanka Ɗanjuma ne. Don darajar iyayenka kada ka hau motar nan gobe, ba birki a jikinta. In ta kashe wani me zan ce wa Alhaji ranar gobe ƙiyama? Ka dawo mini da ita.” Na saurara na yi tsaki. Tsofaffi ba su da aiki sai kiran mugun abu.

Ran Asabar bayan la'asar muka ɗauki hanya za mu gidan su amarya a Zaitawa. A wani wuri mai faɗi na ɗan yi wasa, na juya ta sau biyu taya na hayaƙi, samari suna ihu suna “Sai Halifa!” Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ba zan ɓoye miki ba. Da muka shiga inda titi ya tsuke sai ga wata mata ta fito daga lungu. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Na sake takawa, babu. Na haɗa matar da dakalin wani gida. Malama Mardiya sunanta, malamar firamare ce, ƙafarta ta karye a wuri biyu. Bambar motar ta tsage, fitilar dama ta tarwatse, kuma har yau ban samu irin fitilar ba duk faɗin Kano.

Kafin in buɗe ƙofa jama'a sun rufe ni. Wani ya shaƙe mini wuyan riga, wani na ɗauke da bulo, na ji da kunnena ana cewa a kawo fetur. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce jiya jiyan nan na ɗauko ta daga gareji, bakanike ne ya cuce ni ya saka mini jabun birki. Aka ce wane bakanike, na faɗi sunansa. Nan take fushin ya sauka daga kaina ya koma kan wanda ba ya wurin. In kin duba ma Gwaggo, rabin maganar gaskiya ce, ai daga garejin na ɗauko ta.

Na ɗauki nauyin asibitin Malama Mardiya, ban bari an roƙe ni ba. Mijinta Malam Ikrima har godiya ya yi mini, ya ce ni ma cutata aka yi. Ta fito yanzu, tana tafiya da sanda, likita ya ce ɗingishin ba lallai ya tafi ba. To labari ya riga ya bazu. A majalisarmu aka tambaye ni, na maimaita, har na kwaikwayi yadda hannun tsohon ke rawa aka yi ta dariya. Hajiya ta tambaye ni, na maimaita. Ita da take aika masa tuwon salla tun kafin a haife ni, da ya zo gaishe ta sai ta ce a ce masa tana barci. Ya daɗe a tsaye a soro, ina jin tarinsa daga ɗakina, ban fito ba. Masu motoci suka janye motocinsu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rubuta “Mai Jabu” da baƙin fenti a bangon garejin. Ba ni na rubuta ba, ban kuma sa a rubuta ba.

Da a nan abin ya tsaya da ya mutu da kansa. Amma Malam Ikrima ya kai ƙara wurin ƙungiyar makanikan yankin, sun sa zama ranar Asabar mai zuwa. An ce in laifin ya tabbata za su karɓe wurinsa na gindin darbejiya, su hana shi taɓa motar kowa a yankin. Ni ne babban shaida.

Sai na tuna da saƙon muryar nan, yana cikin wayarsa kamar yadda yake cikin tawa. Abin mamaki duk wata huɗun nan bai kunna wa kowa ba. Na ce kada in zauna jiran tsautsayi. Na sayi sabuwar waya a kwalinta na tafi garejin. Ba mota ko ɗaya, yana zaune a benci yana wanke sifanu da fetur, sifanun da ba abin da suka kwance. Na gaishe shi na ce Baba wayarka ta tsufa, ga sabuwa, ka ba ni tsohuwar in kai a kwashe maka lambobi. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Sai ya ciro wayar, an ɗaure ta da kyauro, ya lalubo saƙon ya kunna, muka saurare shi tare har ƙarshe. Sannan ya goge shi a kan idona, ya turo mini kwalin da ɗan yatsa. Ya ce, “Ai da ba ka wahalar da kanka ba, Halifa. Na bar wa Allah.”

Gwaggo sai na ji wani sanyi a raina. Tun da ya bar wa Allah, ai ya yafe ke nan, magana ta ƙare. Kuma in an bi ta tsakani da Allah, mutumin ya kai shekarun hutawa, 'ya'yansa sun girma, ko ba wannan ba nan da shekara biyu hannun ba zai riƙe sifana ba. Ni kuwa yanzu rayuwata ta fara. Bayan salla za a kai gaisuwar aurena gidan su Ikram, mahaifinta kuma mutum ne mai tsauri, in ya ji wannan labarin an gama. Malam Ikrima ma ban san inda zai kai ni ba. Hajiya ga hawan jini. Wa zai amfana in na tona? Gara a bar kaza cikin gashinta.

Amma akwai abin da ban gane ba. Tun ranar, ko motar wa na shiga, in direba ya taka birki sai ƙafata ta dama ta hau rawa. Ina tsaka da ciniki a shago sai in ji muryar nan tana cewa ka dawo mini da ita. Saƙon yana nan a wayata, yanzu ni kaɗai ke da shi a duniya. Na ɗora yatsa a kai zan goge ya fi sau ashirin, yatsan ya ƙi. Wani abokina ya ce firgita ce, da na gyara birkin na koma tuƙi za ta wuce.

Shi ya sa nake tambaya. Wani mai kayan mota ya ce in sa babban kalifa na gaske da faifai mai huda-huda. Wani ya ce fad ɗin motocin tsere kawai zan sa, ya fi kowanne cizo. Wani kuma ya ce in sayi birki sukutum ɗan gwanjo, na wata babbar mota, a dasa mini. Wanne ya fi, wanda zai kama nan take kuma ya yi kyau a ido? Sannan wa zai ɗaura mini? Makanikai biyu sun duba ta sun kasa gane kanta, mutumin nan ne kaɗai ya san motar. In ƙura ta lafa, laifi ne in aika masa ita ta hannun wani ya gyara a ƙofar gidansa? Ina ganin taimako ne ma a gare shi. Na ƙarshe, ranar Asabar in je in maimaita abin da na faɗa, ko in ce tafiyar sarin kaya ta kama ni zuwa Legas, su ƙarata can ba da bakina ba?

Ki taimaka mini Gwaggo, ni ba mugu ba ne.

Mai Jar Mota,
Ƙofar Na'isa

*

Wa alaikumus salam Mai Jar Mota,

Da birki ka fara, to bari mu fara da birki. Ni ba bakanikiya ba ce, saboda haka na kwafi tambayarka ta farko, ban haɗa da labarin ba, na kai wa makanikai biyu da na yarda da su, ɗaya dattijo, ɗaya matashi mai kwamfutar da kake yabo. Bakinsu ya zo ɗaya. Babban kalifa da faifai mai huda na masu tsere ne a fili, inda birki ke yin zafi na tsawon lokaci. Daga Ƙofar Na'isa zuwa Wambai ba abin da zai ƙara maka sai kallo. Fad ɗin tsere kuwa sai ya yi zafi yake cizo da kyau, da sanyinsa ya fi na gama-gari santsi, wato ranar da wata za ta sake fitowa daga lungu shi ne zai fara ba ka kunya. Dasa birkin babbar mota a ƙarama yana iya rikita daidaiton gaba da baya, motar ta juya da kai. Murfin roba kuma, da na ambata musu shi, suka ce a cire a jefar, yana tare iska, yana kuma ɓoye lalacewar abin da ke ƙarƙashinsa.

Na ce to me za a sa? Suka ce fad mai kyau na titi gaba da baya daga hannun wanda aka sani, a zubar da tsohon man birki a sa sabo a fitar da iska, a canza tiyo, a auna faifai in ya sirance a canza, sannan tayoyi, domin birki taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. Koma ka karanta wasiƙarka, wurin da mai sukundireba a kunne ya kwance maka taya ran Alhamis. Ba su ƙara komai a kan nasa ba sai aunin faifai. Amsar da kake yawon nema an ba ka ita wata huɗu da suka wuce, ka jira mai ita ya tafi masallaci ka sace motarka.

Yanzu sauran maganar, wadda ka kira 'yar magana.

Zan yi maka adalci. Ihun da ka yi a Zaitawa, hannun wani a wuyanka ana kiran fetur, ba zan jefe ka a kansa ba. Tsoron mutuwa yana sa baki ya riga hankali, kuma masu ɗaukar bulo su yanke hukunci a titi su ma masu laifi ne. Ɗaukar nauyin asibiti ka kyauta. Baba Ɗanjuma ma ina da magana a kansa. Karar da yake yi wa mahaifinka a kabari ta sa ya rufe gaskiyar da ba tasa ba ce shi kaɗai, domin Malama Mardiya tana da haƙƙin sanin wanda ya karya mata ƙafa. Wannan shi ne iyakar abin da na samu a ɓangarenka, kuma na duba da kyau.

Amma ɗana, a majalisa wa ya riƙe maka wuya da kake kwaikwayon rawar hannunsa? A ɗakin Hajiya wa ya kira fetur? Da yake tari a soronku, wane bulo ne ya hana ka fitowa? Ƙaryar farko tsoro ne ya yi ta, sauran kai ka yi su da hankalinka, a zaune, ka ƙoshi. Ranar da ka sayi waya a kwali kuwa, ka je ne ka raba dattijo da shaidarsa guda ɗaya, ka naɗe abin a takardar kyauta. Na lura da wani abu kuma. A farkon wasiƙarka Baba Ɗanjuma ne, a tsakiya ya koma tsohon, a ƙarshe mutumin nan. Kana rage masa suna a hankali don ya yi maka sauƙin binnewa. A layin da ka ba ni labarin ƙafar Malama Mardiya, a nan ka yi mini kukan fitila.

Ka ce ya yafe. A ina ka ji? Kai Bakano ne, cikin badala aka yanke maka cibiya, kada ka yi mini wasa da Hausa. Dattijon da zai yafe cewa yake na yafe maka duniya da lahira, ko ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya dafa kafaɗarka. Wanda ya ce na bar wa Allah bai rufe shari'a ba, ɗauke ta ya yi daga hannun mutane ya kai inda ba a sayen shaida da sabuwar waya. Ya goge saƙon ne don inda ya kai ƙarar ba a bukatarsa. Ka sake tunawa, kafin ya goge sai da ya kunna maka har ƙarshe. Kai ma ka san wannan. Kanka ya karɓi fassarar da ta yi masa daɗi, ƙafarka ta dama da yatsanka suka ƙi karɓa, kuma ba birkin da za a ɗaura wa mota ya hana ƙafar nan rawa.

Kai mai sayar da roba ne, ka fi ni sanin cewa ba a ɗora mata nauyin ƙarfe. An kira ka Halifa don ka tsaya inda mahaifinka ya tsaya, ka riƙe mutanen da ya riƙe. Mutumin da ya karɓi gawarsa a kabari yau yana wanke sifanu a garejin da ba mota, bango na zaginsa. Ka tambayi kanka ko kai kalifa ne ko murfi.

Tafiya Legas ka cire ta daga ranka. In ba ka je ba, maganarka ta baya ce za ta tsaya a madadinka, a kore shi da bakinka kana kan hanya. Aika masa mota ta bayan gida kuma, bayan ka raba shi da gindin darbejiyarsa, kada ka ƙara kiran wannan taimako a gaban kowa.

Ga abin da za ka yi, kuma kwanakin kaɗan ne. Ka fara da Hajiya, ka samu wani babba a danginku ya zauna tare da ku saboda jininta, ka faɗa mata da bakinka. Ita ma an sa ta ta wulakanta mutumin kirki, tana da bikon da za ta yi. Daga nan ka nemi limaminku ko mai unguwa ya raka ka gidan Malam Ikrima, ka faɗa wa Malama Mardiya ido da ido. Kafin nan ka ga lauya ya gaya maka abin da ka iya biyo baya, don ka shiga da saninka. Mahaifin Ikram ya ji daga gare ka kafin ya ji a kasuwa. Ba zan yi maka daɗin baki ba, yana iya fasawa, majalisarku kuma za ta samu sabon wanda za ta kwaikwaya. Amma auren da aka ɗaura a kan wannan rufin, duk ranar da murfi ya faɗi da matar a cikin motar zai faɗi.

Baba Ɗanjuma kuwa ka je masa hannu sake, ba kwali ba leda. Ka durƙusa ka faɗi abin da ka yi da sunansa, kada ka ce kuskure aka samu. Kada ka nemi ya ce ya yafe a ranar, ba dole ba ne a kansa, kuma yana iya ƙin faɗa har abada. Ka sayi fenti ka shafe bangon nan da hannunka, da rana, lokacin da masu wucewa suka fi yawa. Motar ka rufe ta da tamfol. In wata rana shi da kansa ya ce ka kawo ta, to ka kai, ka bar masa makullan duka biyu.

Ranar Asabar ba a bukatar dogon jawabi daga gare ka, ka riga ka yi jawabai da yawa. Ka miƙe a gaban ƙungiya, ka ɗaga wayarka, ka ƙure murya, ka kunna. Sakan goma sha tara ne. Ka ce ba ka san abin da ya hana yatsanka gogewa ba, to wannan ranar aka ajiye wa saƙon. A ƙarshensa ya ce ka dawo masa da ita. A lokacin mota yake nufi, ka ƙi, mace ta rasa lafiyar ƙafarta. Yanzu martabarsa ce a aljihunka, kuma ba wanda ke da ɗaya makullin sai kai.

Ka ce kai ba mugu ba ne. Ban sani ba ɗana, ranar Asabar za a gani. Allah ya ba Malama Mardiya lafiya, ya saka wa Baba Ɗanjuma da alheri, ya sanyaya zuciyar Hajiya. Kai kuma Allah ya sa wannan karon in ka taka ya kama.

Gwaggo Hajo